Sitiyarin Tanderu a Sama Yake: Yadda Ake Raba Kaya a Tanderun Narka Ƙarfe

'Yan'uwana ɗalibai, rodin da ke riƙe da benen azuzuwanmu, da gadon ƙarfen da muke kwana a kai a hostal, da adaidaita-sahun da ke sauke mu a bakin get, duk asalinsu dutse ne da aka haƙo daga ƙasa. Ko rodin da ake yi da gwangwan da 'yan jari-bola ke tarawa, in ka bi salsalarsa, a kan tama za ka tsaya. Kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfen da duniya ke samarwa a yau ta hanya ɗaya yake biyowa, wato ta cikin wani ƙaton tanderu da ake zuba wa kaya ta sama, ana hura masa iska mai zafi ta ƙasa, narkakken ƙarfe na fita ta gindinsa.

A sashenmu na fasahar ƙarafa akwai darasin da in ka faɗa wa 'yan wani sashe sunansa sai su yi dariya: yadda ake zuba kaya a tanderu. Za su ce, to zuba kaya kuma har sai an yi masa difloma? Ai yaron tifa ma ya iya. Amma fa mai tanderu ba ya iya sa hannu a ciki, ko leƙawa ma ba ya iyawa. Daga ƙasa yana iya ƙara iska ko ya rage, ya ƙara mata zafi ko ya rage. Hanyar da wutar za ta bi a ciki kuwa, daga sama ake tsara ta, ta wurin da aka ajiye kowane kaya. Shi ne abin da nake son mu duba tare.

Mu fara da tanderun kansa

Ka ɗauka wata doguwar randa ce ta ƙarfe, an jera mata tubalin da ke jure wuta daga ciki, tsayin cikinta kusan mita 30, kamar bene mai hawa goma. A sama tana da wuya, daga nan ta riƙa buɗewa har zuwa tumbi, sannan ta sake tsukewa zuwa gindi, inda narkakken ƙarfe ke taruwa. Saman gindin kaɗan akwai bututan zuga a kewaye, a manyan tanderu sukan kai 30 zuwa 40, suna hura iskar da aka ɗumama har wajen digiri 1,200 a ma'aunin Salshiyos. Aikin zuga-zugin maƙera ne dai, girma ne ya bambanta su.

A bakin bututan nan makamashi ke ci, zafi ya haura digiri 2,000, a samu gas mai ɗauke da kabon monoksaid. Wannan gas ɗin shi ne ainihin ma'aikaci. Yana hawa ta tsakankanin kayan, yana ba su zafi, yana kuma ƙwace oksijin da ke manne da ƙarfe a cikin tama. Kaya na sauka, gas na hawa, suna gogar juna a hanya. Kayan da aka zuba yanzu sai ya yi awa 6 zuwa 8 kafin ya isa ƙasa, gas kuwa cikin 'yan daƙiƙu ya ratsa ya fice. Ku riƙe wannan bambancin, za mu dawo kansa. Sannan in aka kunna tanderu, dare da rana yake aiki, babu hutun Sallah babu na Kirsimeti, sai ɗan tsayawa na gyara, har shekara 15 ko 20 kafin a sake masa tubali.

Kaya uku, kowa da halinsa

Na farko tama. Iri uku ake zuba ta. Akwai gundumen dutse da aka farfasa aka tankaɗe. Akwai sinta, wato garin tama da aka cakuɗa da ɓurɓushin makamashi da farar ƙasa, aka cinna masa wuta har ya manne kamar ƙanzo, sannan aka farfasa shi zuwa tsakanin milimita 5 da 50. Akwai kuma felet, garin tama mai laushi sosai da aka mulmula kamar gurjiya, aka gasa shi ya yi tauri.

Na biyu kok. Kwal ne da aka gasa a rufaffen ɗaki ba tare da iska ba, a zafin da ya haura digiri 1,000, har duk hayaƙi da kwaltar da ke cikinsa suka fita, ya bar wani baƙin dunƙule mai ramuka-ramuka, mai ƙarfi, girmansa milimita 40 zuwa 80. Tun 1709, lokacin da Abraham Darby ya narka tama da shi a Coalbrookdale ta Ingila, ya fara ture gawayin itace gefe. Aikinsa uku: shi ne makamashi, shi ke samar da gas, sannan shi kaɗai ne ba ya narkewa. Can ƙasa, inda komai ya zama ruwa, kok ne ke ɗauke da nauyin duk kayan da ke sama, ta tsakaninsa kuma gas ke samun hanya.

Na uku farar ƙasa, wadda ke tattara ƙazantar tama ta zama kashin ƙarfe, ya taso saman narkakken ƙarfe a zubar da shi daban. A yau yawancinta a cikin sinta ake sa ta tun farko.

Don a samu tan ɗaya na ƙarfe, tanderun zamani na cin tama kimanin tan 1.6, da kok wajen kilo 350, da garin kwal wajen kilo 150 da ake hurawa ta bututan zuga. Sai dai kok ba shi da nauyi: mita kubik ɗaya nasa kusan rabin tan ne, alhali na sinta ya kusa tan biyu, na felet ya ɗan haura. In ka buga lissafin za ka ga cewa duk da ƙarancin nauyinsa, kok ya cinye kusan rabin filin da ke cikin tanderu.

Darasin madambaci

Duk wanda ya taɓa ganin ana turara dambu ya riga ya san rabin wannan karatu. Tururi na tasowa daga tukunya ta ramukan madambaci. In mai dambu ta danne tsakin a gefe guda, ɗaya gefen ta bar shi sako-sako, tururin zai bi inda ya fi sauƙi. Can ya nuna har ya caɓe, nan kuwa ɗanye. Shi ya sa ma take toshe mahaɗar tukunya da madambaci da tsumma ko ƙulli, don kada tururin ya sulale ta gefe. Gas ɗin tanderu ma haka yake, malalaci ne, inda ya ga sarari nan yake bi. Tamar da bai ratsa ba za ta sauka ƙasa da oksijinta, sai an ƙona ƙarin kok a gama aikin da ya kamata a gama a sama.

Abin da ke ba gas hanya shi ne guraben da ke tsakanin duwatsu. Lissafin da Sabri Ergun ya fitar a 1952, wanda 'yan sashen sinadarai ma sun sha shi a aji, ya nuna yadda gurbin nan ke da tasiri fiye da yadda mutum zai zata. In gurbi ya ragu daga kashi 40 cikin 100 zuwa kashi 35, turjiyar da gas zai fuskanta tana ƙaruwa da kusan kashi 60. Ragin biyar kawai fa.

Me ke cinye gurbi? Haɗa manya da ƙanana. Ku tambayi 'yan sashen gine-gine: suna zuba yashi a cikin tsakuwa ne don ya cike ramuka, kankare ya yi ƙarfi. Abin da suke nema shi ne mu muke gudu. Saboda haka ake tankaɗe duk abin da bai kai milimita 5 ba kafin ya hau sama, kuma ba a cakuɗa tama da kok wuri guda. Shimfiɗa-shimfiɗa ake yi, ta kok, ta tama, ta kok, ta tama. A kowane lokaci akwai shimfiɗun tama 35 zuwa 45 a cikin babban tanderu, kowace tana tsakanin shimfiɗun kok guda biyu.

Darasin tifa

Da a ce kowace shimfiɗa za ta kwanta daidai wa daida kamar katifa, da magana ta ƙare. To amma kaya ba ya jin magana. Ku lura da tifa in ta juye tsakuwa a wurin gini: manyan duwatsu na gangarawa gindin tsibi, ƙanana da gari su tsaya a inda suka faɗa. Haka abin yake a wuyan tanderu. Duk inda kaya ya sauka, nan gari ke taruwa ya toshe hanya. Inda manya suka gangara, nan hanya ke buɗewa.

Sannan kowane kaya da irin gangarensa. Kok da sinta masu kaushi ne, suna iya tsayawa a tsibi mai gangaren digiri 35 ko kusa da haka. Felet kuwa da yake mulmulalle ne, tun bai kai digiri 30 ba ya fara gudu, don haka in ba a yi hattara ba sai ya mirgina ya cika tsakiyar da ake son bari a buɗe. Ga wata matsalar kuma: in tama mai nauyi ta faɗo da ƙarfi a kan kok marar nauyi, takan ture shi zuwa tsakiya, shimfiɗar kok ta sirance a inda tamar ta sauka, a kuma samu cakuɗaɗɗen wuri da babu wanda ya tsara shi.

Akwai wani ɗan lissafi da nake son kowa ya gwada a bayan littafinsa. A ce faɗin wuyan tanderu mita 8 ne. Da'irar da ke tsakiya, mita ɗaya daga cibiya, filinta murabba'in mita 3 ne da ɗan kai. Zoben da ke jikin bango, shi ma mai faɗin mita ɗaya, filinsa murabba'in mita 22 ne. Ninki bakwai ke nan, kuma kashi 44 cikin 100 na dukkan filin. Ma'ana, ɗan kuskure a jikin bango ya fi babban kuskure a tsakiya tsada. Ma'ana ta biyu, za ka iya sadaukar da tsakiya, ka bar ta ta zama hanyar gas, ba tare da ka yi asarar fili mai yawa ba.

Abin da Japanawa suka gani

Shekaru da dama masana na hasashen abin da ke faruwa a tumbin tanderu. Sai Japanawa suka yi wani abu: tanderun da wa'adinsa ya cika, maimakon su ƙone kayan cikinsa kamar yadda aka saba, suka tsayar da shi cike da kaya, suka sanyaya shi da ruwa, sannan suka riƙa tona shi daga sama zuwa ƙasa. Sun yi haka da tanderu na 5 a Higashida a 1968, da na 1 a Hirohata a 1970, da wasu bayansu.

Abin da suka tarar ya canja karatun gaba ɗaya. Shimfiɗun da aka zuba a sama suna nan a jere har can ƙasa, ba su cakuɗe ba. Sannan akwai wani yanki, inda zafi ke tsakanin digiri 1,100 da 1,400, da tama ta yi laushi ta manne da juna amma ba ta gama narkewa ba. Mu kira shi yankin danƙo. A nan shimfiɗar tama ta zama kamar faranti, gas ba ya iya ratsa ta. Hanya ɗaya ta rage masa, ita ce shimfiɗun kok da ke tsakanin farantan, waɗanda ake kira tagogin kok. Duk gas ɗin da aka samar a ƙasa sai ya bi ta tagogin nan. In shimfiɗar kok ta yi siriri tun daga sama, tagar ta tsuke a ƙasa, tanderu ya fara numfashi da ƙyar.

Siffar yankin danƙon kuma daga sama ake zana ta. Inda kok ya fi yawa, gas ya fi bi, zafi ya fi hawa, tama ta narke tun tana sama. In aka ba tsakiya kok da yawa, yankin sai ya yi tsini a tsakiya ya gangara zuwa bango, kamar jinkar ɗaki. Gas ya hau ta cikin jinkar, ya fita ta tagogi zuwa gefe, ya ratsa tamar da ke sama. In kuwa kok ya yi yawa a jikin bango, tama ta cika tsakiya, sai siffar ta juye, wuta ta koma tana lasar bango.

Kowanne da abin da yake jawowa. Wuta a bango na cinye tubali, tana ƙona farantan ruwan da ke sanyaya jikin tanderu, zafi mai yawa ya tafi a banza, tsakiyar gindi ta yi sanyi. In tsakiya ta buɗe fiye da kima kuma, gas ya wuce fuu ba tare da ya taɓa tama ba, an ƙona kok don nishaɗi ke nan. In aka danne bango da tama gaba ɗaya, shi ma sai ya yi sanyi, kaya ya riƙa manne masa. Abin da masu tanderu ke nema shi ne siririyar hanya mai ƙarfi a tsakiya, ɗan gas daidai gwargwado a bango, sannan filin da ke tsakaninsu a cika shi da tama, don nan ne aikin yake. Kamfanin Kobe Steel na Japan ya yi suna a shekarun 1980 da dabarar zuba ɗan kok na musamman a daidai cibiya don hanyar tsakiyar ta zauna a buɗe.

Daga baro zuwa indararo

Tanderun da can bakinsa a buɗe yake. Leburori ke tura baro su juye kaya, harshen wuta na tashi sama, gas na tafiya a banza. A 1850 George Parry, a masana'antar Ebbw Vale da ke yankin Wales na Birtaniya, ya rufe bakin da wani murfi mai siffar ƙararrawa. Ana tara kaya a kansa, in aka sassauta shi ƙasa kayan ya zame ta kewaye ya faɗa ciki. Daga baya aka mayar da su biyu, ƙarama a sama, babba a ƙasa, ba a buɗe su lokaci guda, don gas kada ya gudu. Da yake bokitin da ke hawo da kaya gefe guda yake juyewa, aka ƙara masa na'urar McKee ta Amurka, wadda ke juya mazurarin sama bayan kowane bokiti don tsibin kada ya riƙa taruwa a wuri ɗaya.

Matsalar ƙararrawa ita ce kusan wuri ɗaya take jefa kaya, wato kusa da bango, saura kuma gangare ya raba. Dabarun mai tanderu a lokacin kaɗan ne. Yana iya sauya jeri: in tama ta fara faɗawa, ita ke kama bango, gas ya koma tsakiya, in kok ya fara, bango ya buɗe. Yana iya sauya yawan kayan da ake saki a tashi ɗaya, ko zurfin da yake barin kaya ya sauka kafin ya ƙara wani. Daga baya aka sa wasu farantai a kewayen wuya da ake iya turo su ciki ko a ja su baya, kaya ya buge su ya faɗa nesa da bango. Duk da haka tama na goge bakin ƙararrawa, gas ya fara tsiyaya, kuma sauya babbar ƙararrawa aiki ne na kwanaki.

Sai kamfanin Paul Wurth na ƙasar Luxembourg ya zo da kan tanderu marar ƙararrawa, wanda aka fara aiki da shi a 1972 a tanderu na 4 na Hamborn a Jamus. Kaya na shiga rumbu mai murfi sama da ƙasa, a daidaita matsin gas, a buɗe wata ƙofa da ke auna saurin zubarsa, ya sauko kan wani indararo da ke rataye a cikin wuyan tanderu. Indararon na zagayawa wajen sau 8 a minti ɗaya, kuma ana iya ɗaga bakinsa ko a sauke shi. In aka ɗaga, kaya ya tafi bango. In aka sauke, ya faɗa tsakiya. Galibi matakai wajen 11 ake tsara masa, daga bango zuwa cibiya.

Yanzu zuba kaya ya zama kamar rubutu. Mai tanderu na shigar da jadawali a kwamfuta. Misali kawai: kok ya yi zagaye biyu kusa da bango, uku-uku a zobba na tsakani, biyu a cibiya, ita kuma tama ta fara daga bango ta shigo ciki, amma ta tsaya kafin ta kai tsakiya. Yana iya yin zobe ɗaya, ko zobba da yawa, ko ya bi kamar nadin gammo, ko ya tsayar da indararon ya cike wani rami da ya buɗe a gefe guda. Yawancin manyan tanderun da ake ginawa yau irin wannan kan gare su.

Da me yake gani?

Tunda ba a leƙawa, sai a bi alamu. Akwai na'urar rada da sandunan awo da ke faɗin zurfin kaya. Akwai sanduna da aka gitta saman kayan, suna auna zafin gas daga bango zuwa cibiya. A tanderu mai lafiya za ka ga zafi ya yi tsini a tsakiya, ya sauka sosai a tsakani, ya ɗan ɗago a bango. Ana auna zafin ruwan da ke sanyaya bango, ana auna bambancin matsi tsakanin ƙasa da sama. Ana kuma duba gas ɗin da ya fita, a ga kashi nawa na kabon monoksaid ya koma kabon dayoksaid, wato ya yi aikinsa. Tanderu mai kyau na kaiwa wajen rabi.

Ga inda haƙuri ke shigowa. Kun tuna awa 6 zuwa 8 ɗin nan? Canjin da mai aikin safe ya yi, mai aikin yamma ne zai ga sakamakonsa a gindi. Wanda ya ga zafi ya motsa ya yi ta sauya jadawali kowace awa, zai rikita tanderun ne, kuma ba zai taɓa sanin wane canji ne ya yi me ba. Ƙa'idar ita ce canji ɗaya, ƙarami, a rubuta, a jira.

In rabo ya ɓaci

In gas ya rasa hanya, matsinsa na iya tokare kayan su daina sauka, alhali na ƙasa na ci gaba da narkewa. Sai rami ya buɗe a ciki, kaya na rataye a sama. Ranar da ya ɓalle, ɗaruruwan tan na iya ruftawa lokaci guda, matsi ya yi tsalle, murafan tsaro na can ƙololuwa su buɗe da ƙara, baƙin hayaƙi da ƙura su turnuƙe. Wani lokaci kuma gas ɗin ne ke fasa wa kansa rami ɗaya ya riƙa bi, sauran kayan su sauka ba su nuna ba. Ɗanyen kaya in ya isa gindi yakan sanyaya shi, kuma in gindi ya daskare, dawo da shi na iya cin makonni. Kada a manta akwai mutane a wurin, kuma kabon monoksaid ba shi da wari ba shi da launi.

Ko ba a kai ga haka ba, akwai kuɗi. A ce tanderu na fitar da tan 10,000 a rana, gyaran rabo ya rage masa kilo 5 kacal na kok a kowane tan. Tan 50 ke nan a rana, sama da tan 18,000 a shekara, ba a sayi sabon inji ko ɗaya ba.

Mu kuma ina ruwanmu?

Ruwanmu na Ajaokuta, a Jihar Kogi. A 1979 aka ba kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet kwangilar gina masana'antar, a kan tsarin tanderu irin wannan, da niyyar samar da tan miliyan 1.3 na ƙarfe a shekara a matakin farko. Har yau ba a taɓa kunna tanderun ba. Duk lokacin da aka tashi maganar farfaɗo da shi, kuɗi da kwangila ake tattaunawa. Ni kuwa abin da ke raina shi ne abin da za a zuba a ciki, da wanda zai zuba.

Tamar Itakpe ƙarfen da ke cikinta kashi 36 ne ko kusa da haka, sai an niƙa ta an tace ta haura kashi 60. Abin da zai fito gari ne, dole ya zama sinta, kuma sintar da ba ta da ƙarfi za ta ruguje a hanya ta koma garin da ke toshe gurabe. Kwal ɗin Enugu ba ya yin kok, na Lafia-Obi kuma toka da farar wuta sun yi masa yawa, don haka kaso mai yawa sai an shigo da shi. Kenan kowane kilo na kok da aka ƙona a banza dala ce ta fita. Ƙasar da ke sayen kwal da dala ita ta fi kowa buƙatar mutanen da suka iya raba kaya, kuma irinmu 'yan difloma ne ke zama a gaban allon nan da ƙarfe biyu na dare.

Ba sai an jira tanderu ba kafin a fara koyo. Sami faffaɗan bokiti, da guntun gwangwani da ka lanƙwasa ya zama indararo, da tsakuwa, da gawayi, da gurjiya. Zuba su shimfiɗa-shimfiɗa, ka sauya karkatar indararon, ka ga wanda ya tsaya da wanda ya gudu, ka ga yadda tsakuwa ke ture gawayi. In robar mai haske ce, za ka ga shimfiɗun ta gefe ka auna su da rula. Masana'antu ma kafin su kunna sabon tanderu sukan gwada zuba kaya a ƙaramin samfuri, sannan su shiga cikin na gasken su auna shimfiɗun farko tun babu wuta. Ga 'yan aji ɗaya da ke neman abin da za su yi furojet a kai baɗi, ga shi nan a araha, kuma 'yan sashen injiniyan lantarki na iya sa wa indararon ƙaramar mota ya riƙa juyawa da kansa.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe, ya kuma nuna mana ranar da za a kunna namu tanderun muna cikin masu riƙe da sitiyarin.